Ƙashin da Ya Ƙi Kamawa

Ku da kuke taruwa a ƙofar gidanmu da yamma kuna leƙen rumfar majinyata, ina jin abin da kuke faɗi. Wai ɗori ba wani aiki ba ne: a ja ƙafa, a jera kara, a naɗe da ƙyalle, a yi tofi, shi ke nan. Ɗaya daga cikinku har ya nuna mini a wayar salula yadda wani yake gama nasa kafin a ƙifta ido. Ban girme ku da yawa ba, kuma ba ni da bakin tsofaffi, shi ya sa na zauna na rubuta. In na ce da baki zan faɗa, muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba.

Sunana Zalika. Mahaifina maɗori ne, ya gaji sana'ar can wajen Junju, ya sauko Gaya tun ba a haife ni ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na gama kwalej, daidai lokacin da idanun Baba suka fara hazo. Yayyena maza babu wanda ya tsaya, ɗaya yana tuƙa kabu-kabu, ɗaya yana Yamai. Wata safiya aka kawo mai karaya, Baba ya waiwaya bai ga kowa ba sai ni, ya ce, "Ke dai kin iya zama wuri ɗaya. Zo riƙe mini nan." Haka na shiga.

Aikina na farko fere kara ne. Mu nan da tsagin reshen giginya muke ɗori. A tsaga, a fere, a goge har ya yi santsi, sannan a saƙa da zare kamar ɗan ƙaramin asabari. In na gama, Baba ba ya dubawa da ido. A kumatunsa yake gogawa, in ya ji ko ɗan tsinke ne sai ya miƙo mini ba tare da magana ba. Sauran kayan aikin ba su da yawa: man kaɗe, ruwan ɗumi, farin ƙyalle wankakke, da buhun rairayi da ake tokare ƙafa da shi. Amma kafin a bar ni in ja ƙafar mutum, na daɗe ina shafa ƙashin akuya a cikin tsumma idona a rufe, har yatsuna suka koyi bambanta tsagewa da karaya, da karaya da gocewa.

Wata yarinya aka taɓa kawo mana daga Bana, ta faɗo daga mangwaro. Can ƙauye wani ya riga ya ɗaure mata hannu, ya matse kamar mai ɗaure bakin buhu. Farcenta ya yi baƙi, yatsun sun yi sanyi. Baba ya kwance da sauri, ya ce wa uban ya ɗauke ta zuwa gidan likita yanzu-yanzu. A ranar na koyi cewa ɗaurin da yatsa ba ya shiga ƙarƙashinsa ba ɗori ba ne, kisan hannu ne. A ranar kuma na san akwai abin da ba namu ba: ƙashin da ya fasa fata ya fito, karayar baya, karayar ƙugu. Waɗannan Baba ba ya taɓawa, ko an haɗa shi da Allah.

Abu biyu ne za ku riƙe kafin in kai ku ga muguwar shekara. Na farko, kaza. A gidanmu, in an kawo babban mutum da karayar ƙafa, danginsa sukan zo da kaza, a karya mata ƙafa a ɗaure tare da tasa. Ranar da kaza ta taka, mutane su ce majinyaci ma ya kusa. Baba ya tarar da al'adar, bai kuma iya hana ta ba, amma ya sha gaya mini a asirce cewa shi da yatsunsa yake aiki. Na biyu, rufin asiri. Maɗori yana ganin abin da ke ƙarƙashin rigar mutum, yana jin warin bakinsa, yana jin sambatunsa. Baba ya ce abin da ka gani a rumfa, a rumfa yake mutuwa.

Muguwar shekarar ita ce wadda sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, can ƙetaren iyaka. Manyan motoci suka tsaya, komai ya koma kwalekwale: shinkafa, mai, babur, har mutane da kayan aurensu. Bakin kogi ya cika da ƴan dako suna hawa da sauka a kan laka. Ba mu taɓa ganin karaya irin ta shekarar ba. Rumfa ta cika, muka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya. Garin kuma ya cika da masu kaki, kowa ya koyi rage murya.

A cikin wannan hayaniya aka kawo Baba Sumana. Tsohon masunci ne, Dandawa ne su, duk unguwa ta san shi da fara'a da sahun gaba a masallaci. Da aka rufe gada ya koma fiton mutane a kwalekwale. Ba wata babbar faɗuwa ya yi ba. Santsi ne ya kwashe shi yana fitowa daga kwalekwale, ƙwaurinsa na dama ya karye kamar busasshen kara. Matarsa Inna Gambi ta biyo shi da kaza ja a hammata.

Ni na riƙe gwiwa, Baba ya ja. Ya jera ƙashin, ya shafa, ya sake shafawa, sai na ga ya ɗaure fuska.

"Baba, lafiya?"

"Ƙashin nan ba nauyi," ya ce a hankali. "Ɗauko kara."

Baba Sumana kuwa, duk da zafin, wasa yake da ni. "Fofo, sannu ƴar lakwal! Da Faransanci za ki ɗaure ni ko da Hausa?"

"Da giginya, Baba."

Ya yi dariya har da hawaye. Tun ranar na so shi.

Kullum da hantsi Inna Gambi takan zo da kwanon abinci da wata gorar roba mai saiwoyi a ciki. Ta ce jiƙo ne na sanyin kogi da ciwon baya. Abincin, ɗan garin rogo kawai yake jiƙawa ya sha, miyar ganye da kifin su koma yadda suka zo. Gorar kuwa ba ta kwana da komai. Ranar da na sunkuya ina duba yatsun ƙafarsa ya yi mini magana kusa da fuska, na ji warin bakinsa, na gane. Sodabi ce, giyar nan mai ƙarfi da ake kawowa daga ƙetare, aka zuba wa saiwoyi. Na samu Baba a bayan ɗaki na gaya masa.

"Na riga ki ji," ya ce. "Na yi wa Gambi magana. Ta ce in bai sha ba jikinsa rawa yake, yana ganin macizai a bango. Ki kama bakinki."

Sai wani abu kuma ya fito. Baba Sumana ba ya riƙe magana. Labarin ambaliyar da aka yi yana saurayi, zai ba ka shi da sunan kowane kwalekwale. Amma in ka ce masa da safe kada ya taka ƙafar, kafin azahar ya tambaye ka wa ya ɗaura masa itace. In ka ce, "Baba, me ka yi jiya?" ba ya cewa ya manta. Sai ya ba ka labari tiryan-tiryan, ya je kasuwar Kamba, ya sayi komar kamun kifi, ya gamu da wane. Ba ƙarya yake yi ba. Shi a ransa haka aka yi.

Kaza ta warke ta fara kiwo a tsakar gida. Abokansa masunta suka zo dubiya suka gan ta, suka hau murna. "Sumana, kazarka ta tashi, kai me kake jira?" Baba yana can gindin darbejiya kan wani aiki, ya ɗaga murya ya ce, "Ku bar shi! Kaza daban, shi daban!" Suka yi dariya suka ɗauka wasa ne. Bayan tafiyarsu, na juya ɗebo ruwa ke nan na ji ƙara. Ya miƙe tsaye zai tafi kogi. Ƙashin ya sake rabuwa a wurin farko.

Muka sake ɗaurewa. Wannan karon har da igiya mai laushi muka tare masa cinya da gadon. Wata ya wuce, wani ya kama. Duk wanda aka kawo tare da shi ya koma gida. Shi kuwa in Baba ya kwance ya taɓa, ƙashin motsi yake a ƙarƙashin fata kamar ranar farko. Baba ya ce wa Inna Gambi a kai shi Doso a ɗauki hoton ƙashi. Ta ce a jira ɗansu Hamadu, soja ne, sarjan, yana can arewa, shi ne mai yanke magana.

Hamadu ya zo da rana tsaka, cikin kaki, a mota mai buɗaɗɗen baya, da abokan aikinsa biyu. Ya durƙusa ya gai da ubansa. Ya buɗe zane ya ga ƙafar ta rame, ta karkace, ya ga igiyar. Ya tambayi uban da yarensu na Dandawa, uban ya amsa da Hausa yana nuna Baba da yatsa, fuskarsa a sake kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Wannan ne. Jiya ya kai ni bayan gari ya sake karya ta da taɓarya. Ya ɗaure ni don kada in gudu."

Unguwa ta riga ta taru a ƙofa.

Hamadu ya miƙe. "Tsoho, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Mene ne ya hana ƙafar nan warkewa? Kaza ma ta warke, an gaya mini."

Baba ya dubi Inna Gambi. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce, "Allah ne bai yi ba tukuna."

"To. Za mu Doso yanzu, har da kai. In hoto ya nuna hannunka ne ya lalata ƙafar nan, ba a Gaya za ka ƙara kwana ba."

A wannan zamanin, in mai kaki ya faɗi haka, ba a tambayarsa da wace doka. Inna, mahaifiyata, ta fito daga madafa hannunta duk gari, ta tsaya a bakin ƙofa. Ni na haye motar ba tare da an kira ni ba, na ce ni ce mai riƙe ƙafa.

Muka zauna a baya, majinyaci a kan katifa, Inna Gambi ta tallafe kansa, Baba ya jingina da ƙarfe ba hula, don ba a ba shi damar ɗaukowa ba. Iska na ɗauke magana, sai na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, don Allah ka gaya masa."

"In gaya masa mi?"

"Jiƙon mana!"

"Zalika, ɗa ne fa. In tsaya gaban ɗa, gaban abokan aikinsa, in ce masa ubansa mashayi ne?"

"To in suka rufe ka fa? Da idon nan naka?"

"Riƙe ƙafar da kyau. Ga rami nan gaba."

Na riƙe. Motar ta faɗa ramin, karan ya yi ƙara.

A gidan likita na Doso aka ɗauki hoto, aka shigar da mu wurin wata lokotoro, likita mace mai gilashi, wadda ba ta kai Innata shekaru ba. Ta ɗaga hoton wajen taga ta daɗe tana kallo. Hamadu bai iya jira ba.

"Madam, abu ɗaya nake so in ji. Hannunsa ne ko ba hannunsa ba?"

"Sarjan, zauna tukuna." Ta jawo kujera kusa da majinyaci, ta gaishe shi, ta gaya masa sunanta. Ta duba idanunsa da harshensa, ta soka masa tsinke a tafin ƙafa mai lafiyar, bai ji sosai ba. Sannan ta ce, "Baba, ina muke yanzu?"

"Malanbil mana. Yanzu na sauke fasinja."

"Mene ne sunana?"

Ya yi murmushi. "Ke ba ɗiyar mai kifin nan ba ce?"

Na ga fuskar Hamadu ta canza. Lokotoro ta juyo ta yi tambayar kai tsaye, kamar mai tambayar ko an ci abinci. "Yana shan giya?"

Hamadu ya zabura har kujera ta faɗi. "Ubana? Ki san abin da za ki faɗa! Mutumin da ladan ba ya riga shi masallaci?"

"Ba zaginsa nake ba. In ban sani ba, ba zan iya ba ka amsarka ba, kuma zan iya kashe shi da magani." Ta dubi Baba. "Malam, kai ka yi jinyarsa."

Baba ya ce, "Ni ƙashi na sani."

Ta dube ni. Na buɗe baki, na ji hannun Baba a kan gwiwata, na rufe. Ɗaya daga cikin sojojin ya matso bayan Baba ya tsaya.

Sai muka ji motsin zane. Inna Gambi ce ta kwance ƙullin da ke ƙugunta, ta fito da gorar, ta ajiye a kan tebur kusa da hoton. Ta zo da ita ne don kada rawar jiki ta kama shi a hanya.

"Hamadu, kala suuru, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni nake sayo masa. Tun kana lakwal ya fara, da sanyin kogi ya kama masa baya, aka ce magani ne. Tsohon nan ya sani, ya yi mini faɗa, ya ce a kawo shi nan tun tuni. Ni na ce a jira ka. Igiyar ma don kada ya sake tashi ne. Ba wanda ya taɓa ubanka da taɓarya."

Hamadu ya buɗe gorar, ya sansana, ya rufe. Ya ɗaga kujerar da ya kayar ya zauna.

Abin da lokotoro ta bayyana, zan faɗa muku yadda na fahimta. Ta ce in mutum ya ci abinci mai gina jiki, jikin yana sarrafa shi, a tsakiyar aikin sai wani sinadari ya fito mai suna homosisteyin. Kowa yana da shi. Ba a son ya zauna, jiki yakan juya shi ya zama abu mai amfani, amma sai da taimakon wasu bitamin na dangin B, waɗanda ake samu a ganye, wake, kifi, hanta da ƙwai. Giya tana hana hanji ɗaukar su, tana gajiyar da hantar da ke ajiye su, kuma tana kashe wa mutum son abinci. Sai sinadarin ya taru a jini. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, saƙa ce a ciki wadda sinadarin ƙarfi yake kamawa, kamar yadda laka take kama darnin kara. In homosisteyin ya yi yawa, ana ganin saƙar takan yi rauni, ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ma su wahala. Ta nuna mana hoton, ɓawon ƙashin siriri, cikinsa kamar soso.

Ta ce ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Giyar kanta tana hana sabon ƙashi tohowa, mantuwar kuma da cike gurbi da labari sun fi kama da rashin wani bitamin ɗin, B na ɗaya. Awon jinin sai an aika Yamai, amma ba za ta jira shi ba, za ta fara yi masa allura a ranar. Kuma ta ja kunnen Hamadu: kada ya fusata ya zubar da gorar ya ce an daina daga yau a gida. Mai irin wannan shan, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har mutuwa. Sai a gadon likita, da magani.

Hamadu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hankalin zai dawo?"

"Wani abu zai dawo. Ba zan yi maka alkawarin duka ba."

"Ƙafar fa?"

"Sai an sa ƙarfe. Jerin da aka yi mata ba shi da laifi, ƙashin ne ba shi da abin kamawa." Ta juya ga Baba. "Amma Malam, tun karyewa ta biyu ya kamata ka ce ba ka riƙe shi, ko ɗa ya zo ko bai zo ba."

Baba ya ce, "Gaskiyarki."

Tun daga nan aikinmu ya ɗan sauya. In an kawo babba wanda ƙaramin santsi ya karya, kafin in taɓa kara nakan ja matarsa ko ɗiyarsa bayan ɗaki in tambaya me yake ci, me yake sha, har da abin da ake kira magani. Nakan gaya wa majinyaci sunana, in ɗan jima in tambaye shi. Baba bai ce in yi ba, bai kuma hana ni ba. Har yau in mota mai buɗaɗɗen baya ta rage gudu a layinmu, sai na ajiye abin da ke hannuna na zauna.

Amma bari in ƙarasa muku ranar. Muna tsaye a inuwa a harabar gidan likita, ba mu san ko an sallame mu ba, sai ga Hamadu ya fito shi kaɗai. Ya tsaya gaban Baba ya tambaye shi.

"Ka sani tun farko?"

"Na ji wari."

"Ka bari na ɗauko ka gaban unguwa kamar ɓarawo?"

"Ka ga ƙafar ubanka, ranka ya ɓaci. Da ka gani ka yi shiru, da shi ne zan ji haushinka."

Hamadu ya cire hularsa ta soja ya matse ta a hannu. Ya ce, "Baba, mota za ta mai da ku. A gaba za ka zauna. Ni da kaina zan zo in yi wa unguwa bayani."

"Ka ce musu ƙashi ne ya yi rauni. Kada ka ƙara komai a kai. Amma bari in yi sallama da majinyacina."

Na kama hannunsa muka shiga. An kwantar da Baba Sumana kusa da taga, an rataya masa ruwa, Inna Gambi tana masa fifita. Da ya ga Baba sai fuskarsa ta washe.

"Fofo, fofo! Gambi, ba baƙo wuri. Malam, daga ina?"

"Daga Gaya."

"Gaya! Garinmu ke nan. Ka san maɗorin nan na bayan kasuwa? An ce hannunsa na da albarka. Ni in na taɓa karyewa, wurinsa za a kai ni."

Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe da nasa biyu.

"Zan gaya masa, Sumana," ya ce. "Zai ji daɗi."